Dashen almon na cikin kwalba: zai yi 'ya'ya a Damagaram?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin ilimin noma ne a Zinder. Muna koyon rainon tsiro a kwalba a labo, wato ɗakin gwaji. Duk tohon almon (itacen da ake cin ƙwayar 'ya'yansa) da na sa a kwalba sai ya yi baƙi ya mutu. Ga shi babana ya ware fili a garkarmu ta Mirriya yana jiran dashe, domin wani ya ce masa na labo yana jure zafi. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Ɗana, mutuwar nan iri biyu ce. In ka ga furfura ko yauƙi kewaye da tohon, wankinka ne bai yi ba. Yanki gaɓa mai ido ɗaya, santimita 1 zuwa 2, daga sabon reshe. Tsoma ta a alkol mai ƙarfin 70% daƙiƙa 30, sannan ruwan jabel mai 1% minti 10 zuwa 15, ka ɗauraye sau 3 da ruwan da ya bi ta otoklab, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta. In kuwa agar ɗin, wato abin da ke daskarar da abincin tsiron a kwalba, shi ne ya rine ja-ja daga bakin yankan, wani sinadari mai suna fenol ne tsiron ke zubarwa yana kashe kansa. Jiƙa shi a ruwan bitamin C kafin dasawa, ka ajiye shi a duhu makon farko, ka sauya masa kwalba da zarar launin ya fito.

Abincinsa MS ne, wato haɗin gishirin abincin tsiro na Murashige da Skoog, sukari giram 30 da agar giram 7 a lita, pH (ma'aunin tsami) 5.7, BAP (sinadarin sa toho) miligiram 0.5 zuwa 1 a lita. Ka zarce haka a BAP, ganyen zai kumbura da ruwa ya yi sheƙi, ba zai rayu a waje ba. Ɗaki digiri 25, haske awa 16. In wuta ta ɗauke da rana a Afrilu babu janareto, aikin wata guda ya tafi. Saiwa ce mai wuya: rabin MS, IBA (sinadarin sa saiwa) miligiram 1 zuwa 2 a lita, da kwanaki a duhu. Shi ya sa manyan gonaki ke aura shi a kan gindin GF 677, wani irin itace haɗin almon da danginsa fic (peach).

Amma maganar da aka faɗa wa mahaifinka ita ta fi ci mini rai, kullum sai na ji ta. Kwalba ba ta sauya halin itace. Abin da ka yanko daga uwar, shi za ka samu, da buƙatunta duka. Almon sai ya sha sanyi ƙasa da digiri 7 na awoyi ɗari biyu ko fiye kafin ya farka ya yi fure yadda ya kamata. Shi ya sa ake nomansa a Kalifoniya da Sifen da Maroko. Hunturunmu fa? Ko a Janairu da muke rawar ɗari, da wuya dare ya sauka digiri 7. Itacen zai iya yin ganye, ka shayar da shi shekara huɗu, ranar girbi ka tashi hannu rabbana. Masu yawo da dashe a leda suna cewa "na labo ne, an horar da shi da zafi" su ji tsoron Allah. Wasu ma itacen inuwar nan mai faɗin ganye suke sayarwa, wanda ba danginsa ba ne. Guminsa da ruwan rijiyarsa manomi ke zubawa, hakkinsa ba zai bar su ba.

Ci gaba da kwalabenka, hannunka zai faɗa. Baba kuwa ka lallashe shi ya sa mangwaro ko magarya mai aure a filin kafin damina.