Amsoshinku: Filogi, Kwayil da Jabun Kaya

Tambaya: Malam, Fijo 504 ce mahaifina ya bar min, da ita nake kai yara makaranta. Yanzu sai an tura take tashi da safe, bakanike ya ce sai an canza distirbuta gaba ɗaya, kuɗin kuma ya fi ƙarfina. Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Allah ya jiƙan Baba. Hajiya ki kwantar da hankalinki, da wuya distirbutar duka ta mutu. Ki sa a buɗe murfinta a gabanki, a duba ko ya tsage, a duba kwantak ɗin (ƙarfen da ke buɗewa da rufewa yana yanke wuta a cikinta) ko ya ƙone, a gyara tazararsa zuwa milimita 0.4, a sa sabuwar kwandensa. Sau da yawa nan matsalar take. Motar nan a 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna, an daɗe ana yi kafin a daina, amma kayanta ba su yanke ba, akwai a Panteka, akwai a Ƙofar Ruwa.

Tambaya: Na samu kwayil na mota mai igniter (na'urar lantarki da ta maye gurbin kwantak) da araha, in sa wa tawa mai kwantak?

Haba malam, don duk baƙaƙe ne shikenan sun zama ɗaya? Wutar da zai ja ta fi ƙarfin kwantak ɗinka, zai ƙone shi. Kar ka sa.

Amma abin da ya fi ci min rai filogi ne. Mutum zai zuba mai na dubbai a tanki, in an zo filogi sai ya ce a ba shi "na daidai kuɗi", a miƙo masa kwali an rubuta NGK ko Denso ko Bosch alhali jabu ne, bayan sati biyu mota ta fara misin tana shan mai kamar me, a dawo ana zagin kafireto. Wani ma bakinsa narkewa yake ya faɗa kan fistin, ka ga an tafi sauke inji kenan. Ku je kasuwa da tsohon a hannu, ku haɗa lambar, in BP6ES ce to BP6ES. Goga rubutun da yatsa, in ya fara gogewa ajiye musu. Woshar na gaske ba ta zarewa da sauƙi, zaren kuma sumul yake. Kuma ku daina aiken yaron gareji shi kaɗai da kuɗi, wallahi na gaji da faɗa.

Ɗan Beljiyam ba laifi a kwayil da distirbuta, in mai rewaya ya gwada kafin ka biya. Filogi, kwantak, kwandensa da waya kuwa sababbi kawai.