Mura da zazzaɓi a lokacin goyon ciki: suna taɓa ƙwaƙwalwar jariri?

Tambaya: Likita, ina da ciki wata huɗu, na yi mura mai zafi da zazzaɓi kwana uku. An ce min ƙwayar bairos tana canza ƙwayoyin halittar ɗan da ke ciki, ta lalata masa ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Kwantar da hankalinki tukuna: yawancin matan da suka yi mura da juna biyu lafiyayyun 'ya'ya suke haifa.

Amma maganar tana da tushe, sai dai ba yadda aka ba ki ita ba. Ƙwayoyin halittar da ɗanki ya gada daga gare ki da mahaifinsa kamar littafi ne, mura ba ta goge rubutun ciki. Abin da ake binciken ko yana sauyawa shi ne wane shafi za a buɗe, wane za a rufe, kuma a wane mako. Jiki yana liƙa wasu ƙananan alamomin sinadari da ake kira metil a jikin DNA, wato wannan littafin, don ya rufe shafi. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi kuwa da lokaci take ginuwa: ƙwayoyinta su hayayyafa, su yi ƙaura zuwa mazauninsu, sannan su haɗa jijiyoyi.

Ta hanya biyu cuta kan taɓa wannan ginin. Hanya ta farko ita ce bairos ya ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan. Rubella, mai kama da ƙyanda, haka take yi. Likitan ido Norman Gregg ne ya fara lura da hakan a Ostareliya a 1941, da ya ga jarirai da yanar ido bayan annobarta. Tana kuma jawo kurumta da ciwon zuciya, musamman a watanni ukun farko. Cutar Zika a Brazil a 2015 ƙwayoyin da ke haifar da ƙwaƙwalwa ta riƙa kashewa, aka haifi yara da ƙaramin kai. Akwai kuma wata ƙwayar bairos da ake kira CMV, wadda sau da yawa uwa ba ta ma san ta kamu ba.

Ta biyu ta fi ɓuya. Ƙwayar mura da wuya ta isa ga ɗan, amma garkuwar jikin uwa tana sakin sinadaran kumburi irin su IL-6. A gwajin ɓeraye masu ciki an ga sun sauya alamomin nan a ƙwaƙwalwar 'ya'yan, har halayensu suka bambanta. A mutane alaƙar da aka gani ƙarama ce, kuma gado da abinci da sauran abubuwa suna da hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne zazzaɓin kansa. Kada ki bar jiki ya daɗe da zafi: ki sha farasitamol yadda aka rubuta miki, ki yawaita ruwa, ki guji haɗe-haɗen maganin kemis da jiƙe-jiƙe. Ki koma awo a wannan makon, a gwada ki maleriya, ki kuma faɗa musu in kin ga ƙuraje a jikinki. Hoton ciki na wajen wata biyar zai nuna girman kan jaririn. Rigakafin rubella ba a yi wa mai ciki, sai bayan kin haihu ki tambaya.