Amsa ga mai son kai Vespar mahaifinsa Ingila

Wa'alaikumus salam, Dakta. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwanci. Na ga tambayarka a kan Vespa P150X ta 1981 da marigayi ya bari a zaure nan Ƙofar Sauri a Katsina, wadda kake son a gyara a aika maka Landan ka riƙa hawa bisa doka. Na kuma ga shawarwarin 'yan'uwa: wani ya ce a ɗora mata injin Bajaj, wani ya ce a miƙa ta ga mai fenti ta fito fes kafin ta hau jirgi. Na hau irinta a Ingila shekarun da na yi aiki can, tawa ta gida kuma har yau ita ke kai ni masallacin Juma'a. Don Allah a dakata da duka biyun.

Tsufan Vespar nan shi ne zai sama mata sauƙi a can, amma sai ka iya tabbatar da shi, kuma hujjar tana jikin ƙarfen. Ka sa a cire murfin gefen dama, wanda ke rufe inji, a duba bodin daga baya. Za a ga lamba da aka buga, ta fara da VLX1T. Ta jikin inji kuma ta fara da VLX1M. A goge su da tsumma da ɗan kananzir, a ɗauki hoto mai kyau, kada kowa ya kusanto da samfefa. Masu fentinmu ba ruwansu da lamba, da sun ga wuri ba daidai ba sai su shafe shi da fila su fesa, harafi biyu sun nutse ke nan. Ƙungiyar Vespa Club of Britain tana ba da takardar shaidar shekarar ƙira, kuma waɗannan lambobin take dubawa. Idan DVLA, hukumar rajistar ababen hawa da ke Swansea, ta yi shakkar shekarun babur ko asalinsa, lamba mai farawa da Q take ba shi. Na ga wata da aka kawo daga Asiya, fenti sai ƙyalli, amma an yi walda a kan lambar. Mai ita ya ƙare da Q, ya rasa duk rangwamen da ya sayo ta dominsa, kamfanonin inshora kuma suka yi ta ja da baya.

Ga rangwamen. Abin hawan da ya haura shekara 40 ana iya sa shi a rukunin kayan tarihi, ba ya biyan harajin hanya, ko da yake duk shekara sai ka sabunta shi a kan fam sifili. Ba dole ba ne kuma ya je gwajin shekara-shekara na MOT, muddin ba a yi masa babban canji ba cikin shekara 30 da suka wuce. Wanda zai fi taɓa aljihunka shi ne na ULEZ, tsarin cajin ababen hawa masu yawan hayaƙi, da tun Agustan 2023 ya game duk ƙananan hukumomin Landan. Babur da hayaƙinsa bai kai ma'aunin Euro 3 ba yana biyan fam 12.50 duk ranar da ya fita, amma na rukunin tarihi an yafe masa. Ka lissafa wannan a wata, sai ka ga abin da mai shawarar canza inji yake son ya jefa cikin garari. Bajaj Chetak jinin Vespa ce, daga lasin Piaggio, kamfanin da ke ƙera Vespa, ta samo asali, shi ya sa wasu kayan ke shiga juna, amma lambar injin Bajaj a bodin Piaggio tambaya ce da ba ka buƙatar a yi maka.

Takardun kansu ba su da wuya. Cikin kwana 14 da saukarta a sanar da HMRC, hukumar haraji da kwastan ta can, ta tsarin NOVA na sanar da shigowar abin hawa, a biya abin da ya kamata, in ba haka ba DVLA ba za ta saurare ka ba. Ka tambayi wakilinka na kwastan batun kayan tarihi, domin abin hawan da ya kai shekara 30 yana nan yadda aka ƙera shi yakan samu VAT na kashi 5 maimakon 20. Daga nan sai fom V55/5, da fam 55 na rajista, da takardar ƙungiya. Duk wata tsohuwar takarda da ke cikin akwatin Baba, rasit ne, katin lasin ne, a tattaro. Akwatin katakon da za a sa ta ma kada a ba kafintan unguwa, sai katako mai hatimin ISPM 15, wanda aka gasa don kashe ƙwari.

Gyaran inji kuwa a nan za a yi shi. Har yanzu akwai dattawan makanikai a Katsina da suka tashi a kan Vespa tun lokacin da malaman makaranta da ma'aikatan sakatariya ke tashen ta, kuma kuɗin awa guda na makanikin Landan zai biya aikin gaba ɗaya. Sai dai a sa wani ɗan gida ya tsaya a kai. Injin da ya daɗe a ajiye, robobin sil ɗinsa sun bushe, ko da ya tashi da kik ɗaya. A buɗe shi biyu a canza sil na ɓangaren kuloci da na ɓangaren fanka, a duba boris. In na kuloci ya mutu, inji zai riƙa zuƙar man giya, ka ga farin hayaƙi ba ƙaƙƙautawa da fulogi jiƙe. In na fanka ne, iska ke shiga, ka saki totur inji ya ƙi sauka, ƙarshenta fistin ya kama. Tunda an riga an buɗe, a fito da ƙaramin ƙarfen nan mai hannu huɗu da ke zaɓen giya. Ka ce a ɗauko maka hotonsa. Sabo gefunansa a tsaye suke, wanda ya ci aiki sun zama kumbo-kumbo, shi ke sa Vespa ta tofar da giya ta biyu ko ta uku kana tsakiyar hawa tudu. Kuɗinsa kaɗan ne, amma babu hanyar kai masa sai an raba inji.

Batun mai ne na fi jin tsoro, saboda al'adarmu ta nan. Mu a gidan mai ake tsiyaya baƙin mai da ido, wani ma da gwangwanin madara. Idan taka ba mai tankin mai daban ba ce, haɗin kashi 2 ne, wato mililita 20 na man inji mai bugu biyu a kowace lita ta fetur. Kai likita ne, sirinji ba zai gagare ka ba, ka ajiye babba a akwatin gaba. Gidan giya kuma SAE 30 yake sha, kimanin kwatan lita. Tun Satumban 2021 fetur na yau da kullum a Birtaniya E10 ne, mai yawan sinadarin etanol da ke cin tsohon tiyo da roba yana tara ruwa a tanki, don haka ka riƙa shan E5, mai ƙarancin etanol, ko da ya fi tsada, kuma a canza tiyon mai. Sannan a duba jet ɗin kafireto, ɗan ƙarfen nan mai rami da ke auna fetur ɗin da ke shiga inji. Makanikanmu kan rage shi don a tsimi mai, a zafin Katsina ana iya sha da ƙyar, amma iskar sanyi ta fi nauyi, haɗin zai yi ƙaranci, inji ya ɗau zafi. A mayar da na asali.

Bushewar ƙasarmu ce ta tsare maka bodin nan shekara da shekaru. Vespa ba ta da wani firam a ɓoye, bodin shi ne ƙashin bayanta, can kuma gishiri suke watsa wa titi da hunturu. Abin da ta tsira da shi a zaure, hunturu biyu na Ingila zai iya cinye shi ta ƙarƙashin wurin sa ƙafa. In ta isa a fesa mata kakin hana tsatsa ciki da ƙasa, lokacin gishiri kuma ta huta a ɗaki. Tayoyi 3.50-10 ne, a zubar da tsofaffin ko da zanensu bai goge ba. Rim ɗin gida biyu ne, a kwance shi a kankare tsatsar ciki, ita ke huda tub. Rashin wajabcin MOT bai ɗauke maka alhakin birki da fitila ba, ni ma da tawa nakan kai ta gwajin don raɗin kaina.

Saura kai da kanka, Dakta. Lasin Najeriya wata 12 yake aiki daga ranar da ka zama mazauni, shi ma sai in yana da ajin A na babur, kuma ba a musanya shi da na can. Horon CBT na masu koyon babur na yini guda iyakarsa 125cc, taka kuwa 150 ce, don haka sai ka yi jarrabawar rubutu da ta tuƙi kashi biyu ka samu lasin can na ajin A2 ko A. Ka fara wannan tun yanzu, kafin a gama gyara. Agogonta kilomita yake nunawa, alamomin titi kuma mil ne, sai ka liƙa ɗan tef a kan 32 da 48, su ne mil 20 da 30.

In don abin hawa ne kawai, kuɗin jirgi da kwastan da gyara za su iya saya maka wata Vespa irinta mai rajista a can. Amma na san ba shi ne lissafinka ba. Ka dai zauna da sauran magada a yi magana a rubuce kafin ta bar gida, domin tana cikin gado, kuma can ma za a so ganin yadda ta zama taka. In an buɗe injin a kira ni, ina nan Rafin Daɗi, zan leƙa in ga abin da ke ciki.