Amsa: Malami ya yi lalata da ɗaliba, a rufa asiri ko a kai ƙara?

Malam, ka ce malami ya yi lalata da ɗalibar ƙaramar sakandare, shugaban makaranta kuma yana so a yi sulhu, a nema wa malamin canjin wurin aiki don kada sunan makaranta ya ɓaci. Don Allah kada kwamitinku na SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, ya sa hannu a wannan.

Irin wannan magana ba ta ɓoyuwa, kafin mako ya zagayo ta shiga gidajen suna da biki. Kuma iyaye ba sa zuwa ofis su yi faɗa. Shiru kawai za ku ga sunayen 'yan mata suna raguwa a rajista, wata a bar ta da Islamiyya kaɗai, wata a sa mata rana. Malaman kirki su ma abin yana shafarsu, kowa ya daina darasin bayan tashi don gudun zargi, sai a gani a sakamakon jarrabawa. Mafi muni, sauran yara sun ga an faɗa ba a yi komai ba, don haka wadda abin zai faɗa wa gobe za ta haɗiye. Canjin wurin aikin kuwa sau da yawa ƙauye yake kai shi, inda sa ido ya fi rauni.

A fara da yarinyar. A kai ta asibiti cikin awa 72, domin bayan haka maganin kariya daga ƙanjamau ba ya aiki, kuma a karɓi rahoton likita. Kada a wanke kayan da ta sa, domin hujja ne. Mace guda da ta yarda da ita ta saurare ta, ba a gaban taron malamai ba, ba kuma a gaban wanda ake zargi ba.

A cire malamin daga aji a ranar. A rubuta takarda mai kwanan wata zuwa ofishin ilimi na shiyya ko SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Laifi ne na kotu, sai an kai wa 'yan sanda, sulhun mai unguwa bai goge shi. A kuma sanar da TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ita ke da ikon soke rajistarsa, in ba haka ba makaranta mai zaman kanta za ta ɗauke shi.

Sannan ku kira taron iyaye, ku faɗa musu matakin da aka ɗauka ba tare da ambaton sunan yarinyar ba.