Alƙalami mai fassara, ƙamus ko manhaja? Amsa ga masu taimaka wa Sinawa riƙe kalmomin Turanci

Wasiƙun wannan makon duk sun fito ne daga 'yan'uwanmu da harka ta haɗa su da Sinawa, kuma kowannensu yana son sanin abin da zai saya ko ya ba da shawarar a saya, domin wani Basine da ke fama da kalmomin Turanci.

Ta farko daga wani ɗan kasuwa ce, mutumin Kano, mai sayo takalma da jakunkuna a Guangzhou: "Assalamu alaikum. Mutumin da ke haɗa mini kaya ya riƙe mini amana shekara da shekaru. Ɗansa baɗi zai zauna jarrabawar shiga jami'a, kuma uban ya ce Turanci ne ke ba shi wahala, kalmomi ba sa zama a kansa. Ina so in yi wa yaron kyauta. Na ga wani alƙalami na lantarki da ake gogawa a kan rubutu ya fassara nan take. Shi zan saya, ko ƙamus?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya saka da alheri. Jarrabawar da yaron zai shiga ita ce gaokao, ana fara ta ranar 7 ga Yuni, kuma a lardin Guangdong, inda Guangzhou take, Turanci yana da maki 150 cikin 750. Saboda haka damuwar uban tana kan hanya. Kalmomin da ɗaliban sakandare suke haddacewa dominta kusan 3,500 ne, kuma tabbas makaranta ta riga ta ba yaron jerin. Ke nan ba jerin kalmomi ya rasa ba. Abin da ya rasa shi ne haɗuwa da kalmomin a cikin magana mai rai, sau da yawa, har su zauna.

Alƙalamin da ka gani, irin na kamfanin Youdao ko iFlytek, yana da amfani na gaske a wuri guda. Tun 2021 ma'aikatar ilimi ta ƙasar Sin ta taƙaita shiga makaranta da waya, don haka ɗalibin da ke karatu a aji ba shi da ƙamus na waya a hannu. Alƙalamin yana cike wannan gurbi, yana kuma furta kalmar a ji, wanda ke da muhimmanci tunda a Guangdong akwai sashen saurare da magana da ake yi ta kwamfuta. Illarsa ita ce sauƙin ya yi yawa. Kalmar da aka samu ma'anarta cikin daƙiƙa ɗaya, ba a tsaya an yi tunani a kanta ba, kafin a kai ƙarshen shafi ta gudu. Yawancin waɗannan alƙaluma suna adana kalmomin da aka duba domin a koma musu, amma sai yaron ya koma ɗin.

Don haka kafin ka zaro kuɗi, tambayi uban abu ɗaya: yaron yana karanta wani abu na Turanci bayan takardun jarrabawa? In yana karanta labarai ko ƙananan littattafai, saya masa alƙalamin, zai rage masa tsayawa ya ƙara masa yawan karatu. In ba ya yi, alƙalamin zai zama abin wasa na mako biyu. A nan na fi son ka haɗa masa ƙamus na Oxford na masu koyo mai Turanci da Sinanci, wanda kamfanin Commercial Press ke bugawa, tare da ƙananan littattafan labari da aka rubuta da kalmomi ƙididdigaggu mataki-mataki. Ka fara bincika ko yana da ƙamus ɗin, domin gidaje da yawa suna da shi. Sannan ka kula, rubutun Sinanci iri biyu ne: sauƙaƙaƙƙe da ake amfani da shi a babban yankin ƙasar, da na gargajiya da ake amfani da shi a Hong Kong da Taiwan. Na farkon za ka saya, kuma a kantin littattafai na Xinhua ko shagon mawallafin na intanet, saboda akwai jabu.

Wasiƙa ta biyu daga wata ɗaliba ce mai digiri na biyu a Wuhan: "Muna musaya da ƙawata, tana koya mini Sinanci ina taimaka mata da Turanci. Ta ci jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a, CET-4, yanzu tana shirin mataki na gaba, CET-6. Kullum tana danna manhajar Baicizhan, tana cinye tambayoyin, amma in ta ga kalmar a cikin rubutu sai ta tsaya cak. Tana tunanin biyan kuɗi ta koma wata manhajar. Wacce ta fi? Kuma iyayen wani yaro sun ce in riƙa koya masa suna biyana."

Ƙanwata, abin da kika gani a wurin ƙawarki shi ne babbar matsalar wannan fanni. Baicizhan tana haɗa kowace kalma da hoto, ta ba da zaɓi huɗu a taɓa ɗaya. Da farko wannan yana sa karatu daɗi. Amma bayan 'yan kwanaki ido yana haddace hoton ne: an ga kalmar, an tuna hoton da ke kusa da ita jiya, an taɓa, an ci. Gane abu idan an gan shi daban, ciro shi daga ka ba tare da alama ba daban, kuma na biyun ne jarrabawa da magana suke buƙata.

Sai kuma lokacin bita. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa na haddace gaɓoɓi marasa ma'ana. Ya gano cewa mantuwa tana da sauri a sa'o'in farko da kwanakin farko, sannan ta lafa, kuma abin da aka sake koyo yana komawa cikin sauƙi fiye da karon farko. Daga nan aka gina tsarin bita mai tazara: a koma wa kalma gobe, sannan bayan 'yan kwanaki, sannan bayan makonni, ana ƙara tazarar duk lokacin da aka tuna, ana rage ta in an manta. Duk wanda ya yi hadda a tsangaya ya san wannan ba tare da Bajamushe ba: ƙarin allo ba ya riƙe karatu, tilawar baya ce ke riƙe shi, kuma tilawar da ka ake yi, ba a duba.

To wace manhaja? Momo, wadda Sinawa ke kira Momo Beidanci, an gina ta a kan wannan tsari, tana nuna kalma ita kaɗai ka faɗi ko ka sani, amma adadin kalmomin kyauta yana da iyaka, in an wuce sai a sayi ƙari. Bubei Danci tana da ƙarfi wajen jimlolin misali da murya ta gaske. Anki kuwa, manhajar katunan bita masu tambaya a gaba da amsa a baya, kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, sai ta iPhone ce ake saya sau ɗaya a kan kimanin dala 25. Ni Anki nake zaɓa mata, da sharaɗi guda: ita za ta rubuta katunanta da hannunta daga tsofaffin takardun CET-6 da take karantawa, kada ta sauko da tarin katunan da wani ya haɗa. In kuma ta san ba za ta jure wahalar rubutawa ba, ta biya Momo, kuɗin ba zai tafi a banza ba.

Yadda katin zai kasance ya fi sunan manhajar muhimmanci. Kada ya zama kalmar Turanci ɗaya da fassarar Sinanci ɗaya. Harsunan biyu ba sa yanka ma'ana a wuri ɗaya: a Sinanci kalma guda, jie, tana ɗaukar karɓar aro da bayar da aro, Turanci kuwa ya raba su biyu, borrow da lend. Wanda ya haddace fassara kawai zai riƙa musanya su. Sinanci kuma ba ya sauya siffar aikatau saboda lokaci, ba shi kuma da ƙananan kalmomin nan na Turanci, “a” da “the”, don haka kalmar da aka haddace tsirara ba ta zuwa da kayan da take buƙata a jimla. A sa jimla cikakkiya a gaban kati, a cire kalmar a bar gurbi, a bayansa a sa amsa da murya. Kalmomi sababbi goma sha biyar zuwa ashirin a rana sun isa. Masu ɗaukar ɗari a rana bitar baya ce ke taruwa musu har su gudu.

Ke kuma ga naki aikin, wanda babu manhajar da za ta yi: a zamanku, ki sa ta yi amfani da kalmomin makon a magana, ki saurari ƙarshen kalmomi. Gaɓar Sinanci da wasali take ƙarewa ko da n ko ng, saboda haka sukan ƙara wasali bayan baƙi ko su haɗiye shi. Ba zai yi miki wuyar kamawa ba, tunda mu ma haka muke yi wa kalmomin aro.

Maganar koyarwa da kuɗi kuwa, ki bari. Bizar karatu ba ta ba ki izinin aiki haka kawai, kuma tun Yulin 2021 gwamnatin Sin ta tsaurara dokar darasin kuɗi na bayan makaranta ga yara. Ki tambayi ofishin ɗalibai baƙi na jami'arku kafin ki karɓi ko yuan ɗaya. Digirinki ya fi wannan kuɗin.

Ta ƙarshe daga wani shugaban ma'aikata ce a wata masana'anta a Kano: "Injiniyanmu Basine ne, Turancinsa kaɗan ne, da hannu muke yawan magana. Ya nuna mini littafin kalmomin jarrabawar IELTS yana tambaya ko ya yi odarsa."

Malam, ce masa ya ajiye kuɗinsa. Wannan littafi na mai neman shiga jami'a a Ingila ne ko Ostareliya, cike yake da kalmomin rubutun ilimi da ba zai ji su a bakin inji ba. Kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su suna ɗauke kusan kashi 80 cikin 100 na rubutun Turanci na yau da kullum, a magana ma sun fi haka. Su yake buƙata. In littafi yake so, ya nemi na ɗaya da na biyu na New Concept English na L. G. Alexander, wanda ya fara fitowa a 1967 kuma Sinawa suka riƙe shi hannu bibbiyu, akwai bugunsa mai bayani da Sinanci da muryoyin saurare.

Sauran kuwa a hannunka yake. Ku zagaya masana'antar tare, ku rubuta sunan kowane inji da kowane ƙarfe, da jimlolin da ake faɗa kullum: kashe wuta, an ɗauke wuta, bel ya tsinke, kada ka taɓa, gobe da ƙarfe bakwai. Ka ɗauki muryarka a waya kana faɗarsu, domin Turancin da kunnensa ke buƙatar sabawa da shi naku ne na Najeriya, ba na rediyon Landan ba. Kalmomin haɗari da gargaɗi su zo a farko, tunda rai ya rataya a kansu. Kuma ka rubuta masa Hausar kowacce a gefe, domin yawancin yaran da ke ƙarƙashinsa da Hausa za su fi saurin jin gargaɗi in wani abu ya taso.