An ga kalsiyum a jijiyoyin kan Baba, ni ma in je hoto?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifina mai shekara 71 ya zame a banɗaki ya bugu a ka, aka yi masa hoton CT. Ba a ga rauni ba, amma takardar ta ce akwai kalsiyum a jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Ni shekarata 44. In je a yi mini hoton in san matsayina? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Malama, kwantar da hankalinki. Abin da aka gani, wato taruwar kalsiyum (sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, wanda ake samu a nono da madara) a bangon jijiya, ya zama ruwan dare ga dattawa. A binciken Rotterdam da aka yi a ƙasar Holan, fiye da kashi 80 cikin 100 na tsofaffin da aka duba suna da shi, a daidai inda babbar jijiyar wuya take lanƙwasa a gindin ƙoƙon kai. Kuma ba nono ko madara ne ya jawo shi ba, kada ku hana Baba furarsa. Shekaru ne, da hawan jini, da ciwon sukari, da taba, da kitse a jini, da ciwon ƙoda.

Hoton CT na yau da kullum yana nuna kalsiyum fari fat, amma ba ya faɗin ko hanyar jinin ta tsuke. Wani lokaci kalsiyum ɗin yana can tsakiyar bangon jijiya, ya sandarar da ita, hanya kuwa a buɗe. Sanin tsukewa sai an yi hoton da ake ɗura ruwa ta jijiya, ko MRI na jijiyoyi, kuma ruwan nan yana iya wahalar da mai raunin ƙoda.

Ke da ba ki da wata alama, ba na ba ki shawarar hoto. Ko awon jijiyar wuya, kwamitin Amurka mai ba da shawara kan gwaje-gwajen gano cuta da wuri ya ce a 2021 kada a yi wa masu lafiya, domin cutarwarsa ta fi amfaninsa.

Abin da ya fi damuna shi ne hawan jini. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana ya nuna shi ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki a wajenmu. Ki auna jininki da sukarinki. Baba kuma a kai takardar ga likitansa a duba magungunansa.

In kuwa kun ga bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko da na minti biyar ne ya warware, a tafi asibiti a take, kada a jira gari ya waye.