Wai in an daɗe shari'a tana mutuwa a Amurka?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ƙanena ne yake zaune a unguwar Bronx a birnin New York, a 2017 aka kama shi wai wayoyi sun ɓata a shagon da yake aiki, aka ba da belinsa aka sa masa ranar komawa kotu, tsoro ya kama shi ya tattara ya dawo gida. Yanzu abokansa suna ta zuga shi wai in shekara 5 ta wuce magana ta mutu, ya koma abinsa. Da gaske ne? Daga wata 'yar uwa a Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Abokan nan sun ji wani abu kam, amma rabi suka ji, kuma rabin da ba su ji ba shi ne zai sa a yi ram da shi tun a filin jirgi.

A Amurka kowace jiha da dokarta, shi ya sa ake rikicewa. Amma kusan duk sun raba laifi gida biyu: babba, wanda hukuncinsa ke iya wuce shekara 1 a kurkuku, da ƙarami da ba ya wuce haka. A New York sata in ta haura dala 1,000 ta zama babba, a Kaliforniya dala 950, a Texas sai ta kai 2,500, kin ga waya biyu masu tsada sun isa su jefa mutum cikin manya.

Toh maganar wa'adi. A New York mai gabatar da ƙara yana da shekara 5 ya shigar da yawancin manyan laifuka, shekara 2 kan ƙanana, kisan kai kuwa babu wa'adi ko shekara nawa aka yi. Kaliforniya shekara 3 ga yawancin manya, 1 ga ƙanana. Jihohin Wayomin da Karolina ta Kudu ma ba su san wannan zance ba, duk ranar da aka gano ka sai kotu.

Amma fa wa'adin na shigar da ƙara ne, ba na gama ta ba. Ƙanenki an riga an kai shi gaban alƙali, ke nan agogon ya tsaya tun a 2017, ranar da bai zo ba kuma alƙali kan ba da takardar kamu, ita kuwa ba ta tsufa, tana nan cikin kwamfuta, sannan tsallake beli a New York laifi ne mai zaman kansa da za a iya ɗora masa a kai. Ko da ba a shigar da ƙarar ba ma, zaman da mutum ya yi a wajen jihar ba a lissafa shi, dokarsu ta yarda a ƙara har shekara 5 saboda haka.

Ni dai ban ga laifin tsoronsa ba, don baƙo hukuncin shekara 1 cif kan sata yana iya jawo masa kora daga ƙasar, shi ya sa ma a 2019 New York ta rage iyakar hukuncin ƙaramin laifi zuwa kwana 364. Sai dai gudun bai rage masa komai ba.

Kada ya yanki tikiti tukuna. Ya nemi lauyan manyan laifuka a New York ɗin, wanda ya san harkar shige da fice, ya ba shi cikakken suna da ranar haihuwa da lambar ƙarar in yana da ita, shi zai duba ainihin cajin da ke kansa, ya ga ko za a iya roƙon kotu ta janye takardar kamun kafin ya taka ƙasar.